Ƙafar Hagun Molina

Duk wanda ya taɓa hawa dutsen Kinabalu ta ƙofar Timpohon ya ga Molina Gansau, ko da bai san sunanta ba. Ita ce gajerar matar nan da za ka ji ta ce "a ba ni hanya" daga bayanka, kafin ka waiga ta wuce da tukunyar gas a gadon baya da maɗauri a goshi, kai kuwa kana tsaye kana haki da 'yar jakarka da ba ta kai nauyin kabeji biyu ba. In rana ta karkata sai ka sake ganinta, wannan karon tana saukowa a guje da ƙunshin zannuwan gado na masaukin sama, tana tsallake matakala bibbiyu. Sama da shekara ashirin da biyar ke nan tana wannan aiki. Yau in an tuna mata shekarar da ƙafarta ta hagu ta yi mata tawaye, dariya take yi har ta share ƙwalla. A lokacin kam ba ta yi dariya ba, kuma duk wanda ya san gidan Gansau a Bundu Tuhan ya san dalili.

Ita ce ta uku a cikin 'ya'ya bakwai, kuma ita kaɗai ta ɗauko ƙafar uban. Gansau ɗan dako ne tun zamanin da babu matakalar katako a kan hanya sai saiwoyi da laka. Sauran 'ya'yan sun yi makaranta sun watsu, wani yana Kota Kinabalu, wata tana koyarwa a Ranau. Molina kuwa tun tana 'yar ƙarama in an aike ta shago ba ta san tafiya ba, sai gudu, har uwarta ta gaji da faɗa ta zuba mata ido. Ranar da ta cika sha shida ta bi uban zuwa ƙofar dutse. Da aka gama auna mata kaya, sai ya durƙusa a gabanta, ya ciro wani ƙyalle da ya yaga daga gefen tsohon zanen uwarta, ya raba biyu ya ɗaura mata a ƙarƙashin kowace gwiwa. Haka 'yan dakon zamaninsa suke yi, wai yana riƙe gwiwa a gangare, kuma babu wanda ya taɓa tambayar wanda ya fara.

"In kina saukowa kada ki tsaya shawara da matakala," in ji shi. "Ƙafa ta taɓa ta tashi. Wanda ya tsaya dubawa shi yake faɗuwa."

"To, Ama," ta ce, haka suke kiran uba a yarensu.

Ta riƙe maganar, ta kuma riƙe ƙyallen. Daga baya ta daina ɗaurawa a ta dama, domin ta hagun ce kawai take mata tsami da damina. In wani ƙyalle ya mutu sai ta yago wani, kullum daga zannuwan uwarta, ko bayan da uwar ta rasu. Ta auri Jupirin, direban motar kayan lambu, mutum mai surutu da kyakkyawar zuciya, ta haifa masa biyu, Jesi ce ta fari, kuma ko wanne ciki sai da ya kai wata biyar kafin ta yarda ta ajiye maɗauri. Ba ta taɓa yin arziki a dutsen ba, amma can take jin ita wata ce. A gida tana ƙona shinkafa, a coci muryarta tana ɓata waƙa, amma a gangaren dutse samari 'yan shekara ashirin suna matsa mata gefe.

Shekara sha ɗaya kafin abin nata, Gansau yana saukowa sai ƙafarsa ta hagu ta fara jan ƙasa. Ya ɗauka gajiya ce. Bai kai ƙofa ba ya faɗi, mutum huɗu suka sauko da shi a kan gadon ɗaukar marasa lafiya, Molina tana riƙe da kusurwa ɗaya. Ɓarin jikinsa na hagu ya shanye, baki ya karkace, magana ta koma kalma ɗaya ko biyu a wuni. Yayansa ma haka ya yi, shi ma ta ƙafar hagu ya fara. Mutanen ƙauye, da ba sa rasa sunan da za su raɗa wa abu, suka riƙa cewa ciwon gidan Gansau. Tun daga nan tsohon yake zaune a barandar Molina a kan kujerar gora, fuskarsa tana kallon dutse. Idonsa ya yi rauni amma kunnensa yana nan. Matakalar gidan ta katako ce, hawa tara, kuma ya san takun kowa. In Molina ta dawo da la'asar ta haura a guje, sai ya bi takunta da yatsun hannunsa na dama a kan hannun kujera, tap tap tap, har tara. Wannan ita ce gaisuwarsu, kuma ba su taɓa yin maganarta ba.

A daminar da ta cika arba'in da ɗaya ƙyallen ƙarshe na zanen uwarta ya tsinke a tsakiyar hanya. Ta jefa guntun a aljihu, ta zaro ɗaya daga cikin robobin da suke ɗaure kaya, irin wadda ake yankowa daga robar cikin tayar babur, ta naɗa a ƙarƙashin gwiwa ta ci gaba da tafiya. Robar ba ta jiƙa, ba ta saki, ba ta wari. Har ta yi mamakin yadda ba ta yi wannan dabara tun da daɗewa ba.

Bayan kamar sati uku, wata Laraba, tana saukowa a guje a bayan Saridah. Saridah 'yar Kundasang ce, ta girme ta da shekara shida, shi ya sa Molina take kiranta Aka, wato yaya, tare suke dako tun Molina tana sabuwa. Ita ce in lokacin salla ya yi Molina take tsayawa ta tsare mata kaya a rumfar hutawa. Suna cikin gangaren nan mai jar ƙasa sai Molina ta ji ƙafarta ta hagu ba ta amsa ba. Ta ɗaga ta, gwiwa ta ɗagu, amma tafin ya rataya ƙasa, babban yatsa ya kama bakin matakala. Kafin ta ankara idon sawu ya gurɗe waje, ƙafar ta tafi inda ta ga dama, sai ga Molina da ƙunshin zannuwa sun yi ƙasa tare.

Saridah ta waigo, ta ga ba jini, sai ta kece da dariya.

"Iye! Yau na ga abin da ban taɓa gani ba. 'Yar Gansau a ƙasa! Bari in ɗauki hoto kafin ki tashi, ba wanda zai yarda."

"Aka, ki rufa mini asiri," Molina ta ce tana kakkaɓe gwiwa. "Takalmin nan ne ya cinye."

"Takalmi ko tsufa? Faɗi gaskiya, ba mai jin mu sai birai."

Molina ta yi dariyar ita ma, amma ta san ƙarya ta yi. Takalmin ba abin da ya same shi. Ta taɓa saman ƙafar ta ji kamar ta taɓa ƙafar wani, gefen ƙwaurin kuma kamar tururuwa suna yawo a ciki. Kuma ta hagu ce.

Da ta isa gida ta yi wanka ta huta, ƙafar ta dawo hayyacinta. Washegari ta tashi garau. Sai dai bayan kwana biyu abin ya dawo, kuma kullum a wajen saukowa, bayan ta yi awa biyar ko shida a kan hanya. In tana tafiya a hankali da sauƙi, amma da ta sa gudu sai tafin ya fara mari ƙasa, fal, fal, ƙafar tana lilo ba ta san inda za ta dira ba. Wadda ta saba ba ta duban matakala ta koma tana ƙirga su da ido.

Ba ta gaya wa kowa ba. Ta sayi man zafi a kasuwa tana shafawa a bayan ɗakin girki. Ta daina cin kifin gishiri don tsoron hawan jini, abin da ya ba Jupirin mamaki ƙwarai. Kuma tunda ƙafar ta raunana, ta ga ai sai an ƙara riƙe ta, don haka ta ƙara wa robar naɗi ɗaya, bayan sati ta ƙara wani, tana ja har sai ta ji ta kama sosai. Ranakun da ba ta hawa dutse kuwa tana gonar kabejinsu a tsugune tun safe tana cire ciyawa, tana tunani.

Tunanin guda ɗaya ne. Tana ganin kujera ta biyu a baranda kusa da ta Ama. Tana ganin Jupirin yana ba mutum biyu abinci a baki, yana goge musu haɓa. Tana ganin kanta tana kallon dutsen daga nesa har ƙarshen ranta, tana jin takun wasu. Tsoro ya kama ta irin wanda ba ta taɓa ji ba, ko ranar da aka sauko da uban. Asibiti kuwa ta ƙi ko tunaninsa, domin a ganinta muddin ba a faɗi sunan ciwon ba, to bai gama zuwa ba. Mu mutanen nan haka muke, mu ɗauki buhun shinkafa mu hau da shi cikin gajimare ba gardama, amma a ce mu zauna a benci mu jira likita sai abin ya gagare mu.

Abin da ya fi damunta shi ne matakalar gida. Ranar farko da ƙafar ta ƙi sakin ta har gida, ta haura, sai ta ji yatsun tsohon sun bi ta: tap, fal, tap, fal. A hawa na biyar yatsun suka tsaya. Ta wuce shi da sauri ta ce, "Na dawo, Ama," ba ta dubi fuskarsa ba. Daga ranar ta koma shiga ta ƙofar baya, ta ɗakin girki, wai takalminta da laka. Tsohon ya rage cin abinci, kuma da la'asar sai ka ga hannunsa a kwance a kan kujera ba motsi.

A kan dutse ma an lura. Samarin da suke matsa mata gefe suka fara wuce ta, suna kiranta Minan, wato gwaggo, suna cewa, "Minan, a riƙe miki kayan?" cikin ladabin da ya fi zagi ciwo. Sau biyu motar ma'aikata tana jiranta a ƙofa. Wata biyu aka yi a haka.

Ranar da asiri ya tonu, ruwa ake yi. Ta ga hadari ya haɗo ta ce bari ta gwada gudu ko na kilomita ɗaya ne. Ba ta yi taku ashirin ba ƙafar ta zame mata gaba ɗaya, ta wuntsila ta gefen hanya, ba don igiyar shinge ba da sai dai a neme ta a ƙasan kwari. Goshinta ya fashe kaɗan. Saridah ta ajiye kayanta ta jawo ta, wannan karon babu dariya.

"Tashi ki taka in gani."

Molina ta tashi ta taka. Tafin ya mari ƙasa.

"Tun yaushe?"

"Ba komai ba ne, Aka, santsi ne."

"Ke, ni za ki yi wa wayo? Wata biyu ina jin ƙafar nan a bayana kamar ana bugun wanki. Na yi shiru ne in ga iya gudun ruwanki. Tun yaushe, na ce?"

Sai Molina ta zauna a kan matakala cikin ruwan ta fashe da kuka. "Ta hagu ce, Aka. Irin ta Ama ce. Ta nan ya fara."

Saridah ta tsuguna ta kama haɓarta ta juya fuskar dama da hagu. "Yi murmushi."

"Wane irin murmushi kuma?"

"Yi, na ce! To, bakinki dai yana nan yadda Allah ya yi shi, ba kyau amma a miƙe. Matse hannuna. Wayyo, sake ni, muguwa! Wannan hannun ne ya shanye? Ni ba likita ba ce, amma gobe za ki Ranau ko da a cikin kwando zan goya ki. In kin ƙi, wallahi da kaina zan je in gaya wa babanki, Aki Gansau."

A daren ta ba Jupirin labari. Da safe ya kwashe kwandunan kabeji daga kujerar gaba ya zaunar da ita. Sun wuce Kundasang kafin bakinsa ya buɗe.

"Shi ya sa kika daina cin kifin gishiri? Ni ina can ina zargin mai kifin, har na yi masa rashin mutunci a kasuwa."

"Ka yi tuƙinka, baban Jesi."

"Wata biyu! Ni da nake gaya miki ko ƙurji ne ya fito mini. Ko kujera biyu ce, uwar Jesi, ai barandar tana da faɗi. Ni zan iya."

Da ya faɗi haka sai ta juya fuska wajen taga, domin da ya yi mata faɗa da ya fi mata sauƙi.

Likitar da suka samu yarinya ce siririya mai tabarau, Likita Tsen, wadda Molina ta raina tun daga ƙofa. Ta auna jininta ta ce lafiya lau, ya fi nata ma. Ta sa ta ɗaga hannuwa, ta fito da harshe, ta rufe ido, ta bi yatsa da kallo. Ta sa ta taka a kan yatsu, ta taka. Ta ce ta taka a kan dunduniya, ta dama ta ɗagu, ta hagu ta ƙi.

"Anti, naɗe mini wandon nan zuwa cinya."

Molina ta naɗe. Ta cire robar tun a gida, don kada a ce 'yar ƙauye ce. Amma robar ta bar shaidarta: wani baƙin zobe ya zagaye ƙafar a ƙarƙashin gwiwa, fatar ta lotsa, ba gashi ko ɗaya a wurin. Likita ta tura tabarau sama ta sunkuya. Ta sa yatsa a gefen gwiwar ta waje, inda wani ɗan ƙashi yake turowa, ta ƙwanƙwasa sau biyu. Molina ta zabura, wani abu kamar lantarki ya tsarga mata har babban yatsa.

"Me kike ɗaurawa a nan?"

Molina ta hau gyara naɗin wandonta. Jupirin ya ce, "Gaya mata mana." Da ta ƙi, ya sa hannu a jakarta ya zaro robar ya ɗaga sama, baƙa, doguwa, har da ragowar rubutun kamfanin taya a jiki.

"Awa nawa a rana?"

"Bakwai. Wani lokaci takwas."

"Da ƙarfi?"

"Da ƙafar ta fara rauni na ƙara matsewa," Molina ta ce a hankali. "Don ta riƙe."

Likita Tsen ta cire tabarau ta rufe fuska da tafin hannu, kafaɗunta suna rawa. Da ta buɗe ta ce, "Yi haƙuri, Anti, ba ke nake wa dariya ba. To, ke ce, amma kaɗan. Duba nan. Akwai jijiyar da take ɗaga tafin ƙafa, ta nan take bi, a kan ƙashin nan, ba nama a kanta sai fata. Ke kuma kin samo roba kin shaƙe ta wata uku, ranar hutu kuma ki tsuguna a kanta a gona. Ba ta mutu ba, suma ta yi. Zan tura ki babban asibiti a gwada ta don mu tabbata, amma ni ban ga ciwon babanki a jikinki ba. Nasa daga kai ya taso. Naki daga tayar babur."

"Ba shanyewa ba ce?"

"Ba ita ba ce."

"Zan koma dutse?"

"In kin ji magana. Wata uku ba kaya, ba gudu, ba tsuguno, ba harɗe ƙafa. Za a ba ki abin da zai riƙe idon sawun, a koya miki motsa shi. Kuma ko zare kada ki sake ɗaurawa a wurin nan. Robar kuma ki bar mini ita, zan nuna wa ɗalibai."

"A'a, likita," Jupirin ya ce yana cusa ta a aljihu. "Wannan a falo za mu rataye ta."

Molina ba ta san lokacin da ta fito ba. Ta tsinci kanta a bakin mota tana dariya tana kuka a haɗe, jikinta ya yi sakayau kamar ta sauke tukunyar gas. Yunwar wata biyu ta taso mata gaba ɗaya. Suka tsaya a wata rumfa a bakin hanya, ta ci ƙunshi biyu na linopot, shinkafar nan ta cikin ganye, da tuhau, kwaɗon wani tsiron daji mai yaji, da kifin gishiri har uku. Jupirin ya kira Saridah ya sa wayar a fili.

"Roba?" muryar Saridah ta fito. "Robar ɗaure kaya? Kai, Molina, Allah ya shirye ki. Ni na kwana ina miki addu'a, ashe wajen mai faci ya kamata in kai ki!"

Da suka isa gida Molina ta tsaya a gindin matakalar gaba. Ta hau a hankali, tap, fal, tap, fal, ba ta ɓoye komai ba. Ta durƙusa a gaban kujerar, ta tuna an hana ta, ta jawo benci ta zauna. Ta naɗe wando ta kama hannun tsohon na dama ta ɗora a kan zoben, ta ba shi labari tun daga ranar da ƙyallen ya tsinke. Ya shafa wurin da yatsa, ya sake shafawa. Hawaye ya gangaro ta idon da yake rufuwa da wanda ba ya rufuwa. Bakinsa ya yi ta motsi, ta matsa kusa, ta ɗauka albarka zai sa mata.

"Ƙyalle," ya ce. Ya ja numfashi. "Ƙyalle... na ce."

"Na ji, Ama. Likita ta ce ko ƙyallen ma a bari."

Ya yi tsaki da rabin baki, wanda ke nufin likitocin zamani ba su san dutse ba. Ranar ya cinye abincinsa tas ya nemi ƙari.

Gwajin babban asibiti ya tabbatar da maganar yarinyar. Wata ukun nan Molina ta yi su a kasuwar Kundasang, a kan doguwar kujera, tana sayar da kabejin Jupirin tana faɗa da masu taya kaya. Ta yi ƙiba kaɗan. Kowace safiya tana zama a baranda kusa da uban tana ƙoƙarin ɗaga babban yatsa, shi kuma yana lura kamar shi ne malamin. Sati na biyar yatsan ya motsa, ta ƙwala ihu har maƙwabta suka fito. Labari kuwa ya riga ta hawa dutse. Sunanta ya koma Minan Roba, har yara suna kiranta da shi, kuma ta haƙura domin ta san ta saya da kuɗinta. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, a cikin satin nan 'yan dako huɗu ne suka kwance tasu robar a ɓoye, har da wani ƙato da ya fi kowa yi mata dariya.

Ta koma aiki a wata na huɗu, da rabin kaya, tana saukowa a tafiye kamar baƙuwa. Ba ta yi gaggawa ba, tsoron bai gama sakin ta ba. Sai wata Juma'a da rana ta fito sosai, sun iso gangaren nan mai jar ƙasa inda ta fara faɗuwa, Saridah ta tsaya ta matsa gefe.

"Wuce, tsohuwa. Na gaji da jin numfashinki a ƙeyata."

Molina ta dubi matakalar. Sai ta daina dubanta. Ta saki jiki, ƙafa ta taɓa ta tashi, ta dama, ta hagu, ta dama, kowacce ta dira inda aka aike ta. Ta ji iska a kunne, ta ji ƙunshin yana dukan bayanta, ta wuce wasu samari biyu ta ce "a ba ni hanya," suka ba ta. Ba ta tsaya ba sai ƙofa, inda ta dafa gwiwoyi tana haki tana dariya ita kaɗai.

Motar ma'aikata ta sauke ta a bakin hanyar ƙauye da la'asar. Daga nan zuwa gida ba nisa, amma ta sa gudu. Tun daga nesa ta hango shi a kujerar gora, ya karkato da kai, hannunsa na dama a ɗage kaɗan a kan hannun kujera. Ba ta cire takalmi ba, ba ta rage gudu ba, ta haura matakalar yadda ta saba tun da.

Yatsun suka bi ta, tap tap tap, har tara, ba wanda ya fi wani nauyi. Da ta tsaya a gabansa tana haki, tsohon ya ɗaga hannun ya nuna mata ƙasan matakalar.

"Sake," ya ce.

Ta sauka ta sake hawowa.